Zauren Iyaye da Malamai: Wane lissafi ya kamata ɗan aji ɗaya zuwa uku ya iya?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan lissafi suka zo, musamman na ƙananan azuzuwan firamare. Mun zaɓi guda takwas, mun taƙaita su, muka miƙa wa malaman firamare da masu horar da malamai da ke amsa tambayoyi a wannan shafi.

Ɗana yana aji ɗaya, shekararsa shida. Yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba gargada, amma malamarsa ta ce yana baya a lissafi. Ta yaya haka za ta kasance? Kuma me ake so ya iya a wannan ajin?
*Wata uwa, Gusau*

Hajiya, ke ma kina da gaskiya, malamar ma tana da gaskiya. Jero sunayen lambobi daban, ƙirga daban. Yaro kan haddace lambobi har ɗari kamar yadda yake haddace waƙar wasa, alhali bai san bakwai ta fi biyar da biyu ba.

Gwada shi da kanki, minti biyar ya isa. Zuba murafen lemo ko ƙwayar wake guda bakwai a faranti, ki ce ya ƙirga. Fara duba ko yatsansa da bakinsa suna tafiya tare, wato taɓawa ɗaya, lamba ɗaya. Yara da yawa bakinsu ya fi yatsansu gudu, sai su kai goma kafin su taɓa na bakwai. Idan ya gama, ki tambaye shi, "To, nawa ne?" In ya ce bakwai, madalla. In kuwa ya koma ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya ba. Daga nan ki baza murafen su cika farantin yana kallo, ki sake tambaya. Wanda bai riƙe adadi ba zai ce sun ƙaru, don sun ci wuri. Sai gwaji na ƙarshe, wanda ya fi tona asiri: tara murafe ashirin, ki ce, "Ba ni shida." Wanda ya iya ƙirga zai tsaya cak a kan shida. Wanda waƙar kawai ya haddace zai ɗebo cikin hannu ya miƙo miki, ko ya yi ta ƙirgawa har tarin ya ƙare.

Game da abin da ake buƙata, manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun Najeriya tana hawa ne daki-daki. A aji ɗaya yaro yana sanin lambobi zuwa 99, ya san sifili, ya tara ya ɗebe ƙananan lambobi, ya gane rabi da kwata, ya bambanta takardun naira, ya gwada dogo da gajere, mai nauyi da marar nauyi. A aji biyu lambobi sukan kai 200, a shigo da tarawa da ɗebewa masu buƙatar canjin goma, a fara ninkawa a matsayin tara abu iri ɗaya sau da yawa, a koyi agogo da kwanakin mako. A aji uku a kai 999, a riƙe jadawalin ninkawa zuwa tara sau tara, a fara rabawa, a yi awo da mita da santimita da lita.

Kin ga ke nan ba a nemi ɗan aji ɗaya ya kai dubu ba. Wasu makarantun kuɗi suna sa ɗan naziri ya cika littafi da rubuta 1 zuwa 500 don iyaye su ga aiki. Wannan wahalar da hannu ce kawai. Yaron da ya san goma ciki da waje, ya san shida da huɗu goma ne, bakwai da uku goma ne, ba tare da ya tsaya tunani ba, ya fi wancan nisa a lissafi.

Ina koyar da aji biyu, yara sun haura saba'in. Na ba su 52 a ɗebe 38, fiye da rabinsu suka rubuta 26. Na maimaita darasin aro sau uku, ba canji. Ina matsalar take?
*Wani malami, jihar Jigawa*

Malam, amsar 26 ba ta ka suka yi ba, akwai dokar da suke bi. Sun dubi gidan farko suka ga 2 a sama, 8 a ƙasa, suka ce ba a cire takwas daga biyu, sai suka juya suka cire biyu daga takwas, suka sami 6. Suka cire 3 daga 5, suka sami 2. A wurinsu 52 ba lamba ɗaya ba ce, biyar ce da biyu suke zaune maƙwabtan juna. Irin wannan yaron ne idan ka ba shi 47 a tara da 38 zai rubuta 715, don bakwai da takwas sha biyar ne, huɗu da uku bakwai. Ciwon ɗaya ne: bai san 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin ce ba. Ko ka maimaita darasin aro sau goma a allo, ba zai taɓa wurin ciwon ba.

Ajiye alli na mako biyu, ka koma tsinke. Yara su zo da tsinken tsintsiya ko siraran karare, a yanka su kamar tsawon yatsa biyu, da zare ko robar ɗaure kuɗi. Da yawan yaranka, haɗa su biyar-biyar, kowane rukuni da tsinke ɗari ya wadatar. Doka ɗaya ce: duk lokacin da tsinke ya cika goma, a ɗaure shi. Kwana uku na farko kada ka yi tarawa ko ɗebewa. Ka riƙa kiran lamba kawai suna ginawa. Ka ce talatin da huɗu, su ajiye ɗauri uku da tsinke huɗu. Sai ka juya, ka ɗaga ɗauri shida da tsinke ɗaya, su faɗi lambar, su rubuta. Ka sa su gina 25 da 52 gefe da gefe, su faɗi wacce ta fi yawa, su kuma faɗi dalili. A ƙasa ko a kan benci a ja layi biyu: gidan ɗaiɗai a dama, gidan goma-goma a hagu. Kada ka manta da 40 da 70, domin a nan ne yaro ke ganin aikin sifili: gidan ɗaiɗai ba kowa, amma dole a nuna cewa gidan yana nan.

Sai tarawa. A 47 da 38, tsinken ɗaiɗai sun zama sha biyar. Doka ta ce goma ba ta zama a kwance, sai a ɗaure goma a tura ta gidan hagu, biyar su rage. Ɗauri huɗu da uku da sabon guda, takwas. Amsa 85. Wannan sabon ɗaurin shi ne ƙaramar 1 da muke rubutawa a sama, wadda yara ke mantawa da ita saboda ba su san daga ina ta fito ba.

Yanzu koma kan 52 ɗinka. Ɗauri biyar, tsinke biyu. Ka ce, "Ku ba ni talatin da takwas." Za su miƙo ɗauri uku cikin sauƙi, su tsaya a kan takwas ɗin. Kada ka faɗa musu abin yi. Yi shiru kaɗan, za a sami wanda zai ce a kwance ɗauri ɗaya. Da an kwance, tsinken ɗaiɗai sun zama sha biyu, an cire takwas, saura huɗu, ga ɗauri ɗaya ya rage. Amsa 14. Sai bayan sun yi irin wannan sau goma ko sha biyar da hannu za ka koma allo, kana rubuta kowane mataki a daidai lokacin da suke yin sa da tsinke: an kwance ɗauri, ka soke 5 ka rubuta 4, tsinke sun ƙaru, ka mai da 2 ta zama 12.

Mu dai ba ma son kalmar "aro" a wannan darasi. Abin da aka ara mayar da shi ake yi, a nan kuwa ba a mayar da komai. Ka ce "canji". Duk yaron da aka taɓa aika shago ya san idan aka canza ɗari zuwa hamsin biyu kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Ka shirya wa wata gargadar da ke jiran su a aji uku, wato 300 a ɗebe 147. Masu juya lamba za su rubuta 247. Waɗanda suka haddace aro ba tare da fahimta ba za su mai da sifili biyun duka goma-goma, su sami 163. Amsar 153 ce, domin idan aka kwance ɗari ta zama ɗauri goma, sai an sake kwance ɗaya daga ciki, ɗauri tara ne ke saura. A nan kana buƙatar babban dami, ɗauri goma a haɗe da igiya ɗaya. Ka kuma koya musu duba aikinsu da kansu: a tara amsar da abin da aka cire, in bai koma lambar farko ba, akwai kuskure. Da mai 26 ya tara ta da 38 ya ga 64, ba sai ka ce masa komai ba.

Wannan salon na ɗauri da tsinke shi ne ƙashin bayan darasin lissafi a shirin TaRL, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fara, aka kuma kawo shi wasu jihohin Arewa. A shirin ana raba yara ne bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba. Kai ma kana iya yin haka na rabin awa a rana: masu gane lamba mai gida ɗaya tak a rukuni guda, masu gane mai gida biyu a wani, masu ɗebewa a wani.

Na ce wa 'yata ta rubuta ɗari da biyar, ta rubuta 1005. Kuma da Hausa nake koya mata a gida, makaranta kuwa da Turanci. Ina rikita ta ne?
*Wani uba, Zariya*

Ba ka rikita ta ba, Malam. Abin da kunnenta ya ji ta rubuta: ɗari, 100, da biyar, 5. Maganinsa katin kwali. Yanka kati mai gida uku ka rubuta 100, mai gida biyu ka rubuta 20, mai gida ɗaya ka rubuta 5. Idan ka ce ɗari da ashirin da biyar, ta ɗora 20 a kan sifili biyun ɗari, ta ɗora 5 a kan sifilin ashirin, 125 ta fito. Idan ka ce ɗari da biyar, biyar za ta hau kan sifilin ƙarshe, na tsakiya ya tsaya a fili, 105. Yi kati na 100 zuwa 900, na 10 zuwa 90, da na 1 zuwa 9, guda 27 ke nan, kwalin sabulu ɗaya ya ishe ka. Ka kuma ja kunnenta a kan ƙaramar kalmar nan "da": ɗari biyu 200 ce, ɗari da biyu 102 ce.

Batun harshe kuwa, Hausa na da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Muna cewa goma sha uku, goma a gaba, uku a baya, daidai da yadda ake rubuta 13. Turanci yana fara ambaton ukun ne, shi ya sa yara ke rubuta 31, ga kuma sunan 13 da na 30 da suke kusan sauti ɗaya a kunnen yaro, haka 14 da 40, har zuwa 19 da 90. Inda Hausa ke da tata wahalar shi ne gomomi. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, casa'in duk daga Larabci muka aro su, yaro ba ya jin "uku" a cikin talatin. Saboda haka ka riƙa haɗa mata da tsohuwar ƙirgarmu, gomiya biyu, gomiya uku, ko ka ce goma uku, talatin. "Ashirin ba ɗaya" da "talatin ba biyu" ma dukiya ce, ɗebewa ce a cikin suna, amma bari sai ta zauna da 19 da 28 a rubuce tukuna.

Ci gaba da bayani da Hausa, sannan ka ba ta sunan Turancin a kai, tunda da shi za a yi mata jarrabawa.

Yarona yana aji biyu, har yanzu da yatsu yake tarawa. Malaminsu yana bugun hannun duk wanda ya kama. In hana shi?
*Wata uwa, Bauchi*

Kada ki hana, malamin ma ya daina bugu. Yaron da aka hana yatsu ɓoye su yake yi a ƙarƙashin benci, ko ya koma zana 'yan sanduna a bayan littafi. Abin dubawa shi ne yadda yake amfani da su. A takwas da biyar, in yana ƙirga takwas daga ɗaya, ya ƙirga biyar, ya sake haɗa su daga ɗaya, yana matakin farko. Koya masa ya riƙe babbar lambar a ka, ya ɗora daga nan: takwas, sai tara, goma, sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Mataki na gaba shi ne cike goma: takwas na neman biyu ta cika goma, a ɗauko su daga biyar, saura uku, sha uku. Wannan ba zai yiwu ba sai ya haddace abokan goma, kuma biyar ne kacal: ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar. Ki sa wake goma a ƙasa, ki kife kofi a kan wasu, ya faɗi nawa ke ɓoye. Minti biyar kullum bayan magariba. Ƙara masa da tagwaye, shida da shida, bakwai da bakwai, domin wanda ya san shida da shida sha biyu ne ya san shida da bakwai. Ludo ma na taimakawa, saboda yaro na koyon ganin ɗigo biyar ya ce biyar ba tare da ƙirgawa ba. Da waɗannan sun zauna, yatsu da kansu za su yi ritaya.

Jikata 'yar shekara shida tana rubuta 3 da 7 a juye. Wani ya ce wai don tana zuwa Islamiyya ne, rubutun Larabci ya juya mata hannu.
*Wata kaka, Katsina*

Inna, yaran ƙasashen da ba su taɓa ganin Larabci ba su ma suna juya 3 da 5 da 7 a wannan shekarun, yawanci kuma abin yana wucewa wajen shekara bakwai zuwa takwas. Ido ya saba cewa kofi kofi ne ko ta ina aka juya shi, sai an ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa a rubutu fuskar da abu ya kalla na da muhimmanci. A sa ta rubuta manya-manya a kan rairayi da yatsa, a ɗiga mata inda za ta fara, a riƙa faɗin tafiyar hannun da baki. Lamba ɗaya a rana ta isa.

Inda Islamiyya ke shigowa daban ne, kuma ya kamata malamai su sani. A lambobin da ke cikin Alƙur'ani bugun ƙasashen Larabawa, biyar (٥) kamar sifilin boko take, shida (٦) kamar 7, huɗu (٤) kamar 3 a juye, sifili kuwa ɗigo ne. Yarinyar da ke ganin iri biyun a rana ɗaya tana iya cakuɗa su. A rubuta mata layi biyu a kwali, na boko a sama, na Larabci a ƙasa, kowace lamba a kan 'yar'uwarta, a manna a bango. A kuma nuna mata cewa ko a Larabcin, gidan goma a hagu yake, gidan ɗaiɗai a dama, kamar dai a boko. In kuwa 31 take rubutawa a maimakon 13, wannan ba matsalar hannu ba ce, a duba amsar da muka ba mai tambaya daga Zariya.

Ɗana na aji uku yana rera jadawalin ninkawa tun daga biyu har sha biyu. Amma in na ce bakwai sau shida nawa ne, sai ya faro daga bakwai sau ɗaya.
*Wani uba, Sakkwato*

Alhaji, layin waƙa ya riƙe, shi ya sa ba ya iya shiga ta tsakiya. Fara da ma'ana. Ɗauko kiret ɗin ƙwai, layi biyar ne, kowane layi shida, talatin. Juya kiret ɗin, ya zama layi shida na biyar-biyar, ƙwai bai ƙaru ba. Ramukan dara ma haka suke, biyar sau shida. Da yaro ya ga wannan da idonsa, kusan rabin jadawalin ya sauka daga kansa, don wanda ya san uku sau takwas ya san takwas sau uku.

Kada a bi jadawalin a jere. A fara da gidan 10, da na 2, da na 5, waɗanda kuɗi ya riga ya koya masa. Gidan 1 ba aiki a ciki. Daga ɗaya zuwa goma amsoshi ɗari ne, amma idan aka cire waɗannan gidaje huɗu, aka kuma daina maimaita wanda aka juya, 21 ne suka rage. Gidan 9 a yi shi daga goma: tara sau bakwai, saba'in ne a cire bakwai, 63, kuma lambobin amsar kullum tara suke haɗawa, shida da uku. Saura 15. Gidan 4 ninki ne sau biyu: huɗu sau bakwai, sha huɗu, ashirin da takwas. Saura 10. Gidan 3 ninki ne a ƙara guda: uku sau takwas, sha shida da takwas, 24. Abin da ya rage guda shida ne, su ne ke ba kowa wuya: 6×6, 6×7, 6×8, 7×7, 7×8, 8×8, wato 36, 42, 48, 49, 56, 64. Rubuta kowanne a kati, amsa a baya, a riƙa jefo su a hargitse, biyu a mako. Na 7×8 yana da 'yar dabara, a jera 5, 6, 7, 8, ga 56 ga bakwai sau takwas.

Rabawa kada a jira ta zama sabon darasi. Duk lokacin da ya ce shida sau bakwai 42, ka tambaye shi nan take: dabino 42, yara shida, kowa nawa?

Ƙanwata tana talla bayan makaranta, ba a taɓa cutarta a canji ba. Amma a jarrabawar lissafi 20 cikin ɗari take ci. Ko kanta ne ba ya ja?
*Wata ɗaliba, Kano*

Kanta na ja sosai. An taɓa nazarin irin wannan a birnin Recife na ƙasar Burazil, aka wallafa a 1985: yara masu sayar da kaya a titi suna ba da amsa daidai a wurin ciniki, a ba su lissafin nan dai a takarda su faɗi. Ƙanwarki idan aka sayi kayan 350 aka ba ta 500, ba ɗebewa take yi daga dama zuwa hagu ba. Hawa take yi: hamsin ya cika ɗari huɗu, ɗari ya cika ɗari biyar, canji 150. Hanya ce ingantacciya, makaranta ce ba ta tambaye ta ba.

Ki zama gada tsakanin biyun. Ba ta tambayar da baki, da sunan kayan da take sayarwa. In ta amsa, ki ce ta faɗi yadda ta yi, ke kuma ki rubuta maganarta da lambobi tana kallo. Sai ki nuna mata tambayar littafin, ta ga ashe ita ce. Ki kuma duba karatunta, domin yara da yawa ba lissafin ne ke kayar da su ba, Turancin tambayar ne. Akwai kuma alamar daidai, wadda yara ke ɗauka tana nufin "rubuta amsa". Gwada ta da 8 + 4 = __ + 5. In ta sa 12 ko 17, nuna mata da sikeli ko da tari biyu na wake cewa gefe biyun dole su yi daidai, abin da ya ɓace 7 ne.

Rabi da kwata ma ta riga ta san su a rabin mudu da rabin kwano. Inda za ta yi tuntuɓe shi ne zaton kashi ɗaya cikin takwas ya fi kashi ɗaya cikin huɗu, tunda takwas ta fi huɗu. Tuna mata da allo: izu guda rubu'i huɗu ne, sumuni takwas, kuma duk mai hadda ya san sumuni ya fi rubu'i gajarta. In bayan wata biyu ana irin wannan aikin kullum yaro bai iya faɗin wacce ta fi tsakanin 6 da 9 ba, a fara kai shi a duba idonsa da kunnensa, sannan a nemi malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, don akwai larurar koyon lissafi da ake kira diskalkuliya, wadda bulala ba ta yi mata komai. Ƙanwarki mai ba da canji daidai ba ta cikin wannan sahun.

Ɗana yana ajin CP, wato aji biyu na firamare a Nijar. A gida mun ce dala goma, shi kuma ya ga an rubuta 50 a jikin kuɗin, sai ya rikice. Lambobin Faransanci daga saba'in ma sun gagare shi.
*Wani uba, Maraɗi*

Malam, ɗanka na ɗauke da ƙirga biyu, ka raba masa su a fili. Gaya masa dala suna ne na sefa biyar, kamar yadda ɗauri yake sunan tsinke goma. Ja layi biyu a takarda, dala a sama, sefa a ƙasa: dala ɗaya 5, dala biyu 10, dala biyar 25, dala goma 50, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jika guda 1000. Aza kuɗin na gaske a kan kowane gida. In aka yi haka, rikicin ya zama riba, domin yaran Nijar da suka saba da kasuwa suna shiga aji da gidan 5 na jadawalin ninkawa a bakinsu ba tare da sun sani ba. Abin kiyayewa ɗaya ne: a tambayar makaranta sefa ake nufi, kada ya ga 20 ya ɗauka dala ashirin ce.

Faransanci kuwa lafiya lau yake tafiya har 69. Daga nan sai ya koma haɗe-haɗe: saba'in ita ce soixante-dix, sittin da goma; tamanin quatre-vingts, ashirin huɗu; casa'in quatre-vingt-dix, ashirin huɗu da goma. Yaro mai rubuta abin da ya ji zai sa 6012 ko 612 a maimakon 72, ya sa 420 a maimakon 80. Kada ka fara da sunan Faransancin. Sa shi ya gina lambar da ɗauri bakwai da tsinke biyu, ya faɗe ta da Hausa, saba'in da biyu, ya rubuta 72. Sannan ka ture ɗauri shida gefe guda, ɗauri ɗaya da tsinke biyu a ɗaya gefen, ya ga sittin, ya ga sha biyu, ka ce masa abin da Faransanci ke faɗa ke nan. Na tamanin, jera ɗauri takwas bibbiyu, su ba da tari huɗu na ashirin-ashirin. Ku ɗauki 70 zuwa 79 a mako na farko, 80 zuwa 89 a na biyu, 90 zuwa 99 a na uku, kullum kana kiran lambobi biyar a hargitse yana rubutawa a allonsa.